Bin Sawun Wasannin Kwaikwayo Masu Waƙa da Suka Fara Ɓuya a Ƙasar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci wasan kwaikwayo a ajin Hausa, abin da yakan fara zuwa a zuciyar ɗalibi shi ne rubutattun wasanni irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Uwar Gulma na Mohammed Sada, ko kuma finafinan da yake kallo a talabijin da wayar hannu. Amma kafin waɗannan duka, Bahaushe yana da wasanninsa waɗanda waƙa da kiɗa da rawa ne suke ɗauke da labarinsu. Mafi yawansu ba masu sana'a ne suke yin su ba. Yara ne da 'yan mata da samarin unguwa, sai kuma a baya-bayan nan 'yan makaranta da ƙungiyoyin sa-kai. Wasu daga cikin wasannin sau ɗaya ake yin su a shekara, wasu kuwa sai a yi shekaru ba a gan su ba.

Wannan babi zai bayyana ma'anar irin waɗannan wasanni da ire-irensu da dalilan da suka sa suka fara ɓuya. Daga nan sai a nuna wa ɗalibi mai koyon aikin malanta hanyoyin da zai bi ya nemo su, ya adana su, sannan ya yi amfani da su a aji. An ɗauki ƙasar Haɗeja da garuruwan fadamarta a matsayin misali, amma ana iya bin waɗannan hanyoyi a ko'ina cikin ƙasar Hausa.

2.0 Ma'anar Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa

Wasan kwaikwayo shi ne kwatanta wani hali ko wani al'amari na rayuwa a aikace, a gaban 'yan kallo, domin nishaɗantarwa da gargaɗi da ilmantarwa. Ana cewa wasa mai waƙa ne idan ya kasance waƙar ita ce take tafiyar da labarin, wato da za a cire ta da wasan ya rushe. A nan akwai bambanci da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. A wasu wasanni akan saka waƙa a farko ko a tsakiya don kawai a ƙawata su. Wannan wasa ne da aka yi masa ado da waƙa. A wasa mai waƙa kuwa, ɗan wasa da waƙa yake gabatar da kansa, da ita ake tuhumarsa, da ita yake kare kansa, kuma da ita ake sallama.

Irin wannan wasa yana da siffofi huɗu da ake gane shi da su:

(a) Akwai jagora da 'yan amshi. Jagora shi ne yakan ɗauki matsayin tauraro, 'yan amshi kuma su tsaya a matsayin jama'ar gari masu tambaya ko zolaya ko tausayawa.

(b) Akwai shiga ta musamman wadda take sanar da 'yan kallo wanda ake kwaikwaya tun kafin a buɗe baki, kamar gemun auduga ko tsumma ko allo da buzu.

(c) Akwai kiɗa, ko da na ƙwarya ne ko gwangwani ko tafi.

(d) Ba a rubuce yake ba. Ana koyon sa ta hanyar kallo da shiga cikin amshi, don haka kowace unguwa tana iya samun nata salon.

2.1 Su Wane ne 'Yan Sa-kai?

A al'adar Hausa akwai waɗanda kiɗa da waƙa da ban dariya ne sana'arsu, da yawa ma gado suka yi, kamar makaɗan fada da 'yan kama da 'yan gambara. Waɗannan da wasan suke ci suke sha. 'Yan sa-kai kuwa su ne masu yin wasa don sha'awa ko don lokacinsa ya zo, alhali kowannensu yana da abin da yake yi: ɗalibi ne, ko manomi, ko masunci, ko tela. Abin da aka ba su a wurin wasa kyauta ce ko sadaka, ba lada ba ne da aka yi ciniki a kansa.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai bincike. Wasan mai sana'a yana da gida da za a je a same shi, yana da uba da ɗa da bara masu riƙe da shi. Wasan 'yan sa-kai kuwa ba shi da mai shi. Idan rukunin yara guda ya girma bai koya wa na baya ba, to wasan ya yanke ke nan a wannan unguwa, kuma ba wanda za a tuhuma.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ce take da irin waɗannan ƙungiyoyi ba. A Ingila, masu wasannin waƙa na sa-kai sun kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu tun a shekarar 1899, kuma sau da yawa a hannunsu ake ganin tsofaffin wasannin da manyan gidajen wasa suka daina yi saboda ba sa kawo riba. A ƙasar Yarabawa, Hubert Ogunde ya fara shirya wasanninsa masu waƙa a shekarar 1944 yana aikin ɗan sanda, kafin daga baya ya mayar da abin sana'a. A Jamhuriyar Nijar ma, binciken da Janet Beik ta wallafa a 1987 ya nuna yadda ƙungiyoyin samari da ma'aikata, musamman a Damagaram, suke tsara wasannin Hausa da baki ba tare da rubutaccen littafi ba.

3.0 Ire-iren Wasannin

3.1 Tashe

Tashe shi ne babban rumbun wasanni masu waƙa a ƙasar Hausa. Ana yin sa a watan azumi, yawanci daga goma ga wata, bayan an sha ruwa. Yara maza da mata sukan kasu ƙungiya-ƙungiya suna bi gida-gida, ana ba su hatsi ko kuɗi. Muhammad Balarabe Umar ya tattara da yawa daga cikinsu a littafinsa Wasannin Tashe. Ga kaɗan daga cikin sanannun:

Tsoho da Gemu: Yaro yakan yi gemun auduga, ya sa tsumma, ya dogara sanda yana tafiya a duƙe. Wasan yana nuna rauni irin na tsufa da haƙƙin tsofaffi a kan masu ƙarfi.

Jatau Mai Magani: Jagora yakan rataya sassaƙe da saiwoyi, yana lissafa itatuwa da cututtukan da suke magani, 'yan amshi suna kiran sunansa. Wasan ban dariya ne, amma kuma taska ce ta sunayen tsirrai.

Wasan Malam: Yaro yakan yi shigar malami da allo da buzu. Ana tuhumarsa da taka rawa yana musantawa, a ƙarshe kuma sai kiɗa ya ɗebe shi ya taka. Hannunka mai sanda ne ga mai hana abu alhali yana aikata shi.

Macukule: Kwaikwayon Bagware ne, wanda ya samo asali daga wasan barkwanci da yake tsakanin Hausawa da Gwarawa.

Mairama da Daudu: Wasan 'yan mata ne. Ɗaya takan yi shigar amarya, ɗaya ta yi shigar ango, sauran suna kiɗan ƙwarya suna yi wa amarya huɗubar zaman aure.

Akwai kuma tashen manya, wanda fitaccensa shi ne tashen gwauro, inda ake zolayar wanda matarsa ta fita bai sake aure ba. A Kano, mai jagorantar wannan wasa yana riƙe da sarautar Nalako.

3.2 Kalankuwa

Kalankuwa biki ne na samari da 'yan matan karkara da ake yi da kaka, bayan amfanin gona ya zo gida. A cikinsa samari sukan naɗa wa junansu muƙamai irin na mulki, kamar sarki da alƙali da gwamna da ɗan sanda da likita, su yi kwanaki suna kwaikwayon yadda ake tafiyar da hukuma, ana kiɗa ana rawa ana cin tarar wanda ya saɓa doka. Wasa ne mai buƙatar shiri da kuɗi da haɗin kan gari, shi ya sa yana cikin waɗanda suka fi saurin ɓuya.

3.3 Wasan Gauta

Wannan wasa ne na matan gidan sarauta, inda suke kwaikwayon sarki da hakimansa da fadawansa, har da irin tafiyarsu da maganarsu. Ta wannan hanya akan nuna wa masu mulki halayensu cikin raha. Tun asali ba wasan kowa da kowa ba ne, kuma ba kullum ake yin sa ba, don haka labarinsa a yau a bakin dattijan matan fada ya fi samuwa.

3.4 Wasannin Dandali da Tatsuniyoyi Masu Waƙa

Wasu waƙoƙin gaɗa da 'yan mata suke yi da farin wata suna da kwaikwayo a cikinsu, kamar na uwa da 'ya, ko na kishiyoyi, ko na amarya da uwar miji. Haka kuma tatsuniyoyi da yawa suna da waƙa a daidai inda labari ya yi tsanani. Waɗannan tatsuniyoyi su ne ƙungiyoyin makarantu suka fi sauƙin mayarwa wasan dandamali.

3.5 Wasannin Ƙungiyoyin Zamani

Wasan dandamali ya shigo ne ta hanyar makarantun boko. A shekarun 1930 R. M. East ya fitar da littafin wasannin Hausa guda shida, Malam Aminu Kano kuma ya tsara wasanni tun yana ɗalibi da kuma lokacin da yake koyarwa. Daga makarantu abin ya fita zuwa ƙungiyoyin gari da gidajen rediyo da talabijin. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun daga tsakiyar shekarun 1970 aka riƙa fita da ɗalibai ƙauyuka suna tsara wasa tare da manoma a kan matsalolinsu, ana amfani da waƙoƙin wurin. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ita ma daga wasan dandamali na sa-kai ta taso. Wasannin irin waɗannan ƙungiyoyi akan yi su sau ɗaya ko sau biyu a ranar rabon kyaututtuka ko wani taron wayar da kai, daga nan sai a manta da su, domin ba kasafai ake rubuta su ba.

4.0 Ƙasar Haɗeja a Matsayin Fagen Bincike

Masarautar Haɗeja tana arewa maso gabashin Jihar Jigawa, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kano a 1991. Ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa, shi ne ya ratsa ƙasar, ya bazu cikin fadamu har zuwa Nguru, sannan ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are a wajajen Gashuwa, su nufi tafkin Cadi.

Akwai dalilai uku da suka sa wannan yanki ya dace da irin wannan bincike.

Na farko, mahaɗa ce ta al'ummomi. Akwai Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, kuma ƙasar ta daɗe tana cuɗanya da Barno, har ma ana kiran mai gari Bulama a garuruwa da dama. Inda al'ummomi suka cuɗanya, nan barkwanci yake yawaita, kuma barkwanci shi ne abincin wasannin tashe. Ɗalibi zai so ya gano wace ƙabila ko wace sana'a yaran wurin suke kwaikwaya, sannan ya kwatanta da abin da aka rubuta game da Kano da Zariya da Katsina.

Na biyu, sana'o'in wurin daban suke. Rayuwa a nan ta rataya ne a kan ruwa: shinkafa da damina, su da kiwo idan ruwa ya fara janyewa, alkama da tattasai da albasa da rani, sai riɗi da gero a kan tudu. Wasan gargajiya madubin sana'ar masu shi ne. Jerin itatuwan da yaron birni zai ambata a wasan Jatau ba lalle ne ya yi daidai da na yaron bakin kogi ba, kuma a irin wannan bambanci ne ake tsintar kalmomin da ba su shiga ƙamus ba.

Na uku, yankin ya riga ya ɗanɗani asarar al'ada. Harshen Auyokawa, wanda yake dangin harshen Badawa da na Ngizim, ya mutu, masu shi sun koma Hausa. Abin da ya rage daga gare shi 'yan kalmomi ne da aka taskace. Duk waƙar wasa da tatsuniyar da suke cikin wannan harshe sun tafi tare da shi. Wannan ya isa ishara cewa abin da ba a adana ba yana iya shuɗewa baki ɗaya.

5.0 Dalilan da Suka Sa Wasannin Suka Fara Ɓuya

(a) Sauyin hanyoyin nishaɗi. Daren da yara suke fita dandali yanzu gidan kallo da talabijin da wayar hannu sun raba shi. Wasan da ake koyo ta hanyar kallo kuwa, idan ba a gani ba a iyawa.

(b) Kwaɗayin abin da za a samu. Yara sukan zaɓi wasa gajere mai sauƙi wanda za su yi a gidaje da yawa cikin dare ɗaya. Wasa mai dogon baiti da shiga mai wahalar haɗawa shi ne ake fara yarwa. Saboda haka ana iya ganin tashe yana gudana a gari alhali wasanni biyu ko uku kawai ake ta maimaitawa.

(c) Matsalar tsaro. Iyaye da yawa ba sa sakin jiki 'ya'yansu su fita da dare. A Kano, rundunar 'yan sanda ta sha hana tashe, kamar yadda ta yi a azumin 2024, saboda ɓata-garin da suke fakewa da shi.

(d) Ra'ayin addini. Wasu malamai suna ganin daren azumi na ibada ne, kuma suna ƙyamar cakuɗuwar samari da 'yan mata irin ta kalankuwa. Wasannin da suke da alaƙa da bori kuwa tuni jama'a suka juya musu baya a mafi yawan wurare.

(e) Sauyin rayuwar fadama. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta canza. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Ambaliya irin ta 2012 da 2020 da 2022 ta raba mutane da muhallansu a sassan masarautar. Bikin kaka yana buƙatar kaka mai albarka, kuma garin da ya yi ƙaura ba ya tuna wasa. Bugu da ƙari, noman rani da cin rani sun cinye watannin hutun da samari suke shirya bukukuwa a cikinsu.

(f) Halin makarantu. Ƙungiyar wasan kwaikwayo a makaranta takan rayu ne da himmar malami guda. Ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki, sai ƙungiyar ta kwanta.

6.0 Hanyoyin Bin Sawun Wasannin

6.1 Sanin Lokaci

Mai neman wasan da ba a cika yi ba dole ne ya riƙe kalanda biyu. Kalankuwa da bukukuwan su suna bin shekarar noma ne, wato kaka da rani. Tashe kuwa yana bin watan Musulunci, wanda yake matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, ya zagayo cikin kimanin shekara 33. Daga 2010 zuwa 2013 azumi ya faɗo ne tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwa yake cika fadama, hanyoyi su yanke, yara kuma su wuni a gona. Daga 2026 zuwa 2030 kuwa, farkonsa yana faɗowa ne a watannin Fabrairu da Janairu, lokacin da hanyoyi suke a bushe. Wannan dama ce ga mai bincike, domin zai iya isa garuruwan da ba sa shiguwa da damina sai da kwalekwale.

6.2 Neman Izini

Ba a shiga gari da na'urar ɗaukar magana kai tsaye. Ɗalibi ya karɓi takarda daga sashensa, ya fara gabatar da kansa ga hakimi ko dagaci ko bulama, sannan mai unguwa. Ya bayyana abin da ya kawo shi da abin da zai yi da bayanan. Idan wasan na mata ne, ya fi dacewa ɗaliba mace ta yi hirar, da yardar masu gida. Ba a ɗaukar hoton yara sai da iznin iyayensu.

6.3 Sanin Wanda Za a Tambaya

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san ƙofar da zai buga. Yaran da suke tashe a yau za su nuna abin da ya rage. Iyayensu za su faɗi abin da aka rage. Kakanni kuwa, musamman mata, su ne suke riƙe da cikakkun baitoci. Ban da su akwai tsofaffin sarakunan samari, da makaɗan gari waɗanda suka yi wa kalankuwa kiɗa, da sarkin ruwa da masunta, da malaman Hausa da suka yi ritaya. Tambayar da ta fi buɗe baki ita ce: wane wasa kuka yi kuna yara wanda ba kwa gani yanzu? Idan an sami suna, sai a tambayi wanda ya fi kowa iya shi a lokacin, a bi shi har inda yake.

6.4 Kallo da Rubutawa

Gani ya kori ji. Idan an sami wasan ana yin sa, mai bincike ya bi ƙungiya ɗaya gida uku ko huɗu, domin a nan zai gane abin da yake tsayayye da abin da jagora yake ƙirƙira nan take. Ga abubuwan da za a rubuta game da kowane wasa:

1. Sunan wasa, da sauran sunayen da ake kiran sa da su.
2. Gari da unguwa da rana da lokaci.
3. Yawan 'yan wasa da jinsinsu da kimanin shekarunsu.
4. Shiga da kayan wasa, da abin da aka yi su da shi.
5. Kayan kiɗa da mai kaɗa su.
6. Baitocin jagora da na amshi, kowanne daban.
7. Motsin da yake tafiya da kowane baiti.
8. Yadda 'yan kallo suka karɓi wasan da abin da suka bayar.
9. Wurin wanda suka koya.

Wajen rubuta baitoci, a rubuta abin da aka ji daidai yadda aka furta shi. Kada a mayar da karin harshen wurin zuwa daidaitacciyar Hausa, domin gyaran yana share shaidar da aka je nema. Kalmar da ba a gane ba a tambayi ma'anarta a wurin, a rubuta a gefe.

6.5 Wasan da Aka Roƙa a Yi

Wani lokaci wasan ya riga ya daina fita, sai dai a roƙi dattawa su kwatanta. Wannan yana da amfani, amma wajibi ne a rubuta cewa kwatance ne aka yi bisa roƙo. Wasan da aka yi a zaure da rana don baƙo ba daidai yake da wanda aka yi a tsakar gida da dare ba. Haka kuma a nemi mutum biyu ko uku su rera shi daban-daban, sannan a gwama. Inda suka saɓa, a ajiye duka, kada a zaɓi ɗaya a ce shi ne na asali.

7.0 Daga Fage Zuwa Aji

Abin da aka tattaro yana da gida uku: ɗakin karatu na sashen Hausa, makarantar garin da aka yi binciken, da kuma hannun waɗanda suka ba da shi. Mayar musu da kwafe haƙƙinsu ne, kuma shi yake buɗe wa mai zuwa a baya ƙofa. Murya da hoton da suke cikin waya a kwafe su a wuri fiye da ɗaya, a kuma rubuta su a takarda, domin waya tana lalacewa ko ta ɓata.

A aji, malami zai iya amfani da wasan ta fuskoki da dama. A darasin adabi, a nazarci jigo da zubi da salo. A darasin harshe, a fitar da kalmomin sana'a da na karin harshe. A darasin al'ada, a tattauna abin da wasan yake yabo da abin da yake zargi. Daga nan sai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ta koye shi, a gayyato wanda ya ba da shi ya gyara wa yara murya da taku, a nuna shi ranar taron iyaye, da rana, a cikin makaranta. Wannan tsari yana kawar da fargabar dare da ta tsaro da iyaye suke yi.

Sai dai malami ya yi tsinkaye. Ba duk abin da aka gada ne ya dace da aji ba. Wasan da yake kwaikwayon wata ƙabila ko mai wata naƙasa zai iya zama raha a tsakanin abokan wasa, amma ya zama cin fuska a ajin da ɗan wannan ƙabila yake zaune. Irin wannan a adana shi cikakke don nazari, amma a yi shawara kafin a hau da shi dandamali. Idan an sauya wani abu, a sanar da ɗalibai abin da aka sauya da dalili.

Har wa yau, malami zai iya ɗaukar zubin jagora da amshi ya gina sabon wasa a kansa. Tarihin Haɗeja cike yake da abin wasa, kamar zamanin Sarki Buhari a tsakiyar ƙarni na 19, da yaƙin da aka yi da Turawa a 1906 wanda Sarki Muhammadu ya rasu a cikinsa. Haka nan matsalolin yau, irin su ambaliya da kacala da zaman manoma da makiyaya, duk abubuwa ne da yaran yankin suka sani ciki da bai.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana cewa wasan kwaikwayo mai waƙa shi ne wanda waƙa take ɗauke da labarinsa, kuma mafi yawansa yana hannun 'yan sa-kai ne waɗanda ba su da littafi ko magaji. An kawo ire-irensa, an nuna dalilan ɓuyarsa, an kuma tsara matakan nemo shi. Manyan bukukuwa suna da masu kula da su. Hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta kuma sanya hawan sallar Kano a 2024. Ƙananan wasannin unguwa kuwa ba su da hukuma sai malamin Hausa. Shi ne yake zaune a garin, ya san harshen, iyaye sun yarda da shi, kuma yara suna gabansa kullum. Idan kowane ɗalibi ya dawo daga aikin koyarwa na gwaji da cikakken wasa guda ɗaya a rubuce, aji ɗaya ya isa ya cika littafi.

Tambayoyi

1. Bambanta tsakanin wasa mai waƙa da wasan da aka yi wa ado da waƙa, tare da misalai.
2. Me ya sa wasan 'yan sa-kai ya fi na masu sana'a saurin ɓacewa?
3. Kawo dalilai uku da suka sa ƙasar Haɗeja ta dace da wannan bincike.
4. Yi bayanin yadda kalandar noma da ta watan Musulunci suke shafar aikin mai bincike.
5. Aikin gida: Yi hira da dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya a garinku game da wani wasa da aka daina yi. Rubuta shi bisa matakai tara da aka kawo a 6.4, sannan ka gabatar da shi a aji.